Muryar Gana

Gana ya finciki igiyar da ƙarfi, gwangwanayen da ke rataye a jikinta suka kaure da ƙara daga wannan bakin gona zuwa wancan. Tsuntsayen jan-baki suka tashi duu, suka kewaya sau ɗaya a sama, suka sake sauka kan shinkafar. Ya buɗe baki zai yi musu ihu, sai iska kawai ta fito.

Mako biyar ke nan yana wannan aiki, har muryarsa ta dushe saboda ihu. Tun da kurkunu ya fito wa mahaifinsa, Umara, a ƙafa biyu ya kwantar da shi, babu mai tsaron gonar sai shi. Masu hali sun ɗauki 'yan tsaro, su Gana kuwa wannan 'yar fadamar ita ce abincinsu na shekara. Da safe yana kan rumfa, da yamma yana kan rumfa, makaranta sai ranar da tsuntsu ya yi sauƙi.

Mahaifiyarsa, Mairam, ta turo kwalekwale har gindin rumfar, da goyo a bayanta.

"Sauko, rana ta yi. Ga kayan makarantarka, ga ruwan citta. Sha da zafinsa, ko maƙogwaron zai buɗe."

Ya sha, ya gwada ce mata "Iya", abin ya fito kamar hurar wuta. Ta kau da kai, ta karɓi igiyar.

"Je ka. Ni zan tsaya. Allah ya ba da sa'a."

Ranar ce Bature mai duba makarantu ya zo Haɗeja daga Kano, zai zaɓi yara huɗu daga ajin ƙarshe waɗanda hukumar En'e za ta aika sakandare. Gana ya fita daga ruwa, ya sa kayansa a bayan wata giginya, ya zuba da gudu har cikin gari.

Ya tarar an zauna. Malam Shu'ibu, malamin ajinsu, yana tsaye a bakin ƙofa da rula a hannu.

"A'a, yau ka tuna da mu? Dubi ƙafarka, duk taɓo. Wuce can baya, kada ka ɓata wa mutane kaya."

Ya wuce ta gefen Usman, ɗan Alhaji Bunu mai sayen gyada. Usman ya sha aski, ga takalmi sau-ciki, ga sabon alƙalami mai shan tawada da kansa. Ya ɗan ɗaga wa Gana gira, ya mai da ido kan teburinsa.

Takardar lissafi tambaya goma ce. Biyar na farko Gana ya gama su ba tare da ya tsaya ba. Daga ta shida ya ga wata alama da bai taɓa gani ba, ɗan layi a karkace da ɗigo biyu. An koyar da ita yana fadama. Ya ɗaga kai, ya ga alƙaluman 'yan sahun gaba suna gudu. Ya san dalili. Kullum bayan la'asar Malam Shu'ibu yakan je zauren Alhaji Bunu ya ƙara wa Usman da wasu yara uku karatu, da tsofaffin takardun jarrabawa da direban Alhaji ya samo a Kano.

Ya ƙura wa ta shida ido har ya gano cewa alamar tana nufin kaso cikin ɗari. Ya warware ta ta hanyarsa. Yana cikin ta bakwai, tsagar da igiya ta yi masa a yatsa ta buɗe, jini ya haɗu da tawada ya ɓata rabin shafi. Yana neman abin gogewa aka buga ƙararrawa.

Bayan azahar aka shiga karatun Turanci da baki. Ɗaya bayan ɗaya ake kira zuwa ofishin hedimasta. Da aka zo kan Gana, ya tarar da Baturen zaune yana share wuya da hankici, hedimasta a gefensa, Malam Shu'ibu a tsaye. Aka miƙa masa littafi a buɗe.

Ya san shafin. Babu kalma ɗaya a ciki da ta fi ƙarfinsa. Ya fara, leɓunansa suna tafiya daidai, amma ko hedimasta da ke kusa bai ji komai ba. Baturen ya ce ya ɗaga murya. Ya tattara duk ƙarfinsa ya matsa, wani ɗan kuka ya fito kamar na ƙofa, sai tari ya sarƙe shi. Ya nuna maƙogwaronsa.

Baturen ya jawo rajistar aji, ya bi layin Gana da fensir, ya tambaya da Turanci me ya sa yaron nan ya yi fashin kwana goma sha tara, kuma me makaranta ta yi a kai.

Hedimasta ya dubi taga. Malam Shu'ibu ne ya amsa, shi ma da Turanci, a tsanake. Ya ce ai irin yaran bakin kogi ne, ba su damu da karatu ba, da sun ji kifi ya zo sai su gudu. Ya ce an yi ta aika wa uban, bai ko amsa ba. Batun murya kuwa, ya ce, tsohuwar dabara ce ta yaron da bai iya karatu ba.

Gana ya ji kowace kalma. Malam Shu'ibu ne ya koya masa su. Babu wanda aka taɓa aikawa gidansu, kuma da bakinsa ya gaya wa Malam ciwon mahaifinsa tun makon farko. Ya hangi wani fensir a kan tebur, ya kai hannu zai ɗauka ya rubuta. Rula ta sauka a kan yatsunsa.

"Kayan Bature za ka taɓa? Fita!"

Da la'asar aka jera su a gindin tsamiya, kowa ya tsaya inda makinsa ya ajiye shi. Iyayen da suka zo suna zaune a inuwa. Huɗun farko duk 'yan zauren Alhaji ne, Usman na uku. Gana ya zo na goma sha huɗu cikin ashirin da uku.

Baturen ya yi ɗan jawabi, Malam Shu'ibu yana fassarawa. Ya ce jarrabawa ma'auni ce ta gaskiya, ba ta san ɗan mai kuɗi ba, ba ta san ɗan talaka ba, ƙoƙarin yaro kaɗai take aunawa. Daga nan Malam ya ƙara nasa. Ya kamo Gana ta kafaɗa ya jawo shi gaba.

"Ku dube shi da kyau. Bara shi ne na ɗaya a ajin nan. Yau ga inda lalaci ya kai shi. Kafin ka tafi ka ajiye mana littattafan En'e. To, a tafa wa waɗanda suka ci."

Aka tafa. Malam ya tsare shi da ido har sai da shi ma ya haɗa hannuwansa.

Ya ajiye littattafan, ya fito. A bakin ƙofar makaranta ya ji an ce, "Kai, ɗan Umara." Alhaji Bunu ne, mutane sun kewaye shi suna yi masa barka. Gana ya durƙusa.

"Usman ya ce tun kuna aji uku kai kake nuna masa lissafi. Haka ne?"

Gana ya ɗaga kai alamar haka ne.

"Madalla. To, tun da kai karatu ya ƙare, ga ƙanensa nan ya shiga aji biyu, kansa da ɗan nauyi. Malam Shu'ibu ya yi wa wannan girma. Ka riƙa zuwa kana zama da shi. Za a ba ka tuwo, a zuba maka na gida." Ya juya ga na kusa da shi yana dariya. "Ai gara a taimaka musu, uban yana kwance." Sannan ya sake duban Gana daga sama har ƙasa. "Amma ka yi wanka kafin ka shigo mini zaure. Ka ji ko?"

Mutane suka ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Wani dattijo ya dunguri ƙeyar Gana.

"Ba ka iya godiya ba ne?"

Gana ya ƙara sunkuyawa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya motsa baki. Alhaji ya riga ya juya, yana tambaya ko tela ya gama ɗinkin kayan da Usman zai tafi da su Kano.