Baƙuwar Bushira daga Taiwan

Da Bushira ta dawo Kiru daga karatun aikin gona a Taiwan, ba ita kaɗai ta dawo ba. Ta zo da ƙawarta Shu-fen, 'yar siririya mai fara'a, wadda a ranar farko ta koyi cewa "ina wuni" kuma ta riƙa faɗarta har da safe.

Malam Haladu, kakan Bushira, tsohon ɗan kasuwar goro ne da ya daina tafiya tun da gwiwa ta fara damunsa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya ce a kawo masa baƙuwa da fasfonta ya gani. Ya juya ɗan koren littafin gaba da baya.

"Tambaye ta, ina da ina wannan ya kai ta?"

Bushira ta tambaya, ta fassara. "Kaka, ta ce Japan da Faransa da Jamus, duk ba biza. Ta sayi tikiti kawai ta hau jirgi. Amma ziyara ce, ba ta wuce wata uku, kuma ba a yarda ta kama aiki ba."

"To nan fa?"

"Nan kam sai da ta nemi biza, ta jira."

Tsoho ya gyara zama, ya shafa gemu. "Wato Faransa a buɗe, Kiru sai da izini. Madalla! Ghana fa?"

Shu-fen ta duba wayarta, ta girgiza kai tana dariya. Can ma sai da biza.

"Ke Bushira, gaya mata ni nan da kike gani Kumasi nake shiga ba wanda ya ce mini biza. Na fi ta gata!"

Shu-fen ta rusuna ta ce, "Ina wuni," aka fashe da dariya. Sai ta yi wata tambaya. Bushira ta fassara.

"Ta ce yaushe rabonka da zuwa?"

Malam Haladu ya tuna Inuwa, abokinsa mai rumfa a Kumasi, wanda kullum a waya yake cewa, "Haladu, sai mun mutu za ka zo?" Ga yarinya ta ƙetaro teku don ƙawa, shi kuwa hanya a buɗe yana zaune yana kora kaji.

Bayan baƙuwa ta koma da kilishi da zanin atamfa, ya matsa wa Bushira ta raka shi Kano aka sabunta masa fasfo. Ana gama girbin dawa suka hau mota zuwa Kumasi, ita riƙe da jaka, shi riƙe da sanda, yana yi wa direba faɗa tun kafin su fita tasha wai ya cika gudu.