Yadda Kubat Ya Sauko

Mijina Kubat direban ƙaramar bas ne tsakanin Tokmok da Bishkek. Sunan wansa Ermek. Na faɗa sau ɗaya don ku san shi, daga nan kuma Yaya zan riƙa cewa, domin in Apa, uwar mijina, ta ji na kama sunan babban ɗanta da bakina, za ta yi mini kallon da sai na ƙware da shayi.

Yaya yana Koriya, yana aiki a wata masana'antar robobin mota. Ya tafi ne bayan aurensa ya mutu, kuma dama can ba mai magana ba ne. Idan suka yi waya da Kubat, na haddace hirar tasu kaf. "Lafiya?" "Lafiya." "Apa fa?" "Lafiya lau." "Akwai sanyi?" "Akwai." Sai su yi shiru suna sauraren numfashin juna, har ɗaya ya ce to sai anjima. In aka miƙa wa Apa wayar ma haka ne, sai dai ita tana ƙara "ka ci abinci?" ya ce ya ci.

Amma akwai wani wasan kwamfuta da suke yi tun suna samari, irin wanda mutum ke da jaruminsa a ciki, ya yi ta kashe dodanni yana hawa mataki-mataki. Na Yaya ƙato ne mai garkuwa, na Kubat siriri mai baka da kibiya. Kullum da la'asar sakaliya Kubat zai ajiye mota, ya wanke hannu, ya kunna tsohuwar kwamfutarmu da ke lungun falo kusa da murhu. A lokacin can Yaya ya tashi daga aiki ya yi wanka. Sai su haɗu a wata fadama ta cikin wasan, inda wasu kwaɗi manya kamar tumaki ke tsalle. Yaya ya tare su da garkuwa, Kubat ya harbe su daga baya. Kwaɗin su mutu, wasu su fito a gurbinsu, su sake kashewa. Shi ke nan wasan. Na rantse muku babu wani abu bayan wannan.

Ni tela ce, na san aikin maimaici, amma ni in na ɗinka hannun riga ɗari akwai riguna a ƙarshe. Na taɓa tambayar Kubat, "Wai kwaɗin nan me suka yi muku ne? Gadonku suka cinye?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba."

Na ce, "Ai kuwa ba zan gane ba. Ka wuni kana zarya a titi ɗaya, ka dawo gida kana zarya a fadama ɗaya."

Sai daga baya na lura da abin da ke fitowa daga lasifikar. Muddin hannun Yaya na kan aiki, bakinsa a buɗe yake. Tsakanin kwaɗo da kwaɗo za ka ji ya ce, "Na hagu, na hagu. Kai, abokin ɗakina ɗan garin Andijan ɗin nan munsharinsa ya hana ni barci." Can kuma, "Harbe shi mana. Jiya na yi mafarkin Baba, yana gyaran katangar baya." A wannan fadamar muka ji cewa bayansa na ciwo, da cewa ya koyi cin kabejinsu mai yaji, da cewa wani lokaci yana hawa jirgin ƙasa ranar hutu ya je ƙarshen layi ya dawo don kawai ya ga duwatsu. Abin da waya ba ta taɓa fitarwa daga bakinsa ba, kwaɗi sun fitar.

Apa ta riga ni ganewa. Da zarar an kunna kwamfuta sai ta jawo shimfiɗarta kusa da murhu, wai ƙafafunta ke sanyi, ko da kuwa tsakiyar bazara ne. Ta zuba shayi, ta sa sukari, ta yi ta juya cokali, ƙil-ƙil-ƙil, har sukarin ya narke ya manta an taɓa zuba shi, ita dai ba ta fasa ba. Wannan ƙarar tana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ba ta taɓa sa baki a hirarsu, Kubat ma bai taɓa ce wa Yaya tana wurin ba, don kada ya ji nauyi ya kama bakinsa.

Haka muke zaune lafiya har Nooruz, bikin sabuwar shekararmu, ya zo. Masu wasan suka sanar cewa a kwanakin bikin duk dodon da aka kashe ladansa ninki ne. Daidai lokacin kuma aiki ya yi wa su Yaya yawa, aka ƙara musu awoyi, ya ce zai ɗan ɓace na kwana biyu.

Kubat ya ce zai leƙa ne kawai ya ga ado. Ya leƙa. Wasu samari a wasan suka ja shi wani kogo, suka ce suna neman mai baka. Ya dawo yana murmushi shi kaɗai. Washegari ya sake leƙawa. Ku fahimce ni, mijina mutum ne da tun yana yaro tsofaffin takalman wansa yake sawa. A wurin biki sai an miƙa wa Yaya kan rago kafin a tuna da shi. Yanzu ga wasu yara suna kiransa babba, jaruminsa ya samu sulke mai ƙyalli da baka mai fitar da wuta. Ya kira ni in gani, na ce ya yi kyau, kamar motar amarya. Bai ji zolayar ba ma don daɗi.

Ranar da Yaya ya dawo, Apa ta shimfiɗa wurinta tun kafin Kubat ya cire takalmi. Suka haɗu a fadama. Kubat ya saki kibiya ɗaya, kwaɗi uku suka kife kafin Yaya ya ɗaga garkuwa. Suka ƙara gaba, haka dai. Can Yaya ya ce, "Tsaya. Ni ba na samun komai."

Ashe dokar wasan ce: in ɗaya ya yi wa ɗaya nisa sosai a mataki, ba a raba musu lada tare. Na ƙasa aikin banza yake yi.

Yaya ya ce, "Ka girma, ƙane."

Kubat ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yaya, abu mai sauƙi ne. Ka tsaya a gefe kawai, akwai wata dabara. Ni zan raunana su, kai ka ƙarasa. Kafin ka ankara na jawo ka sama."

"Goya ni za ka yi ke nan."

"Ba haka nake nufi ba."

"Je ka wurin manya. Ni ma na gaji yau."

Ya fita. Washegari bai shigo ba, jibi ma haka. Kubat ya kira shi a waya, hirar ta koma gidan jiya: lafiya, lafiya, akwai sanyi. Apa ta ci gaba da jawo shimfiɗarta kusa da murhu, ta zauna ta kalli kwamfutar, ta kalli ɗanta. Rana ta uku ta ce, "Yau ma babu kwaɗin?" Kubat ya ce Yaya na da aiki. Ta ce to. Ta shanye shayinta ba tare da ta juya shi ba, ta tashi. Ni da ƙarar cokalin ke damuna, sai ga shi shirun ya fi damuna. Tausayinta ya kama ni, haushin mijina kuma ya cika ni.

Na same shi a kicin na ce, "Sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha, sarkin baka. Ka hau sama, ga ka kai kaɗai."

"Ki bar ni, Gulzat."

"Ba zan bar ka ba. Ku sake sababbin jarumai mana, ku fara daga farko."

Ya girgiza kai. Jarumin Yaya sunan dokin mahaifinsu yake ɗauke da shi, ba zai taɓa yar da shi ba. Kuma Yaya ba shi da lokacin da zai kamo shi, ko da yana da shi ma ba zai bi bayan ƙaninsa da gudu ba.

Da yammar nan ya shiga wasan shi kaɗai, yana yawo ba gaira ba dalili. Hankalinsa ba ya wurin, har wani dodo ya zo ta baya ya kashe shi. Ya yi tsaki. Na tambaye shi na mene ne, tunda na ga mutumin nasa ya farka a bakin rijiyar gari lafiyarsa ƙalau. Ya nuna mini wani siririn layi a ƙasan allon, ya ce duk mutuwa sai an zaftare masa wani abu daga abin da ya tara.

Na ce, "Au, ashe ana saukowa?"

Ya juyo ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona, har na taɓa ɗankwalina ko ya zame.

Abin da ya biyo baya, da ban gani da idona ba da ban yarda ba. Ya tuɓe wa jaruminsa sulken nan mai ƙyalli da komai ya adana, don kada su zube in ya mutu, ya bar shi daga shi sai gajeren wando. Ya ɗauki wani tsohon baka ya nufi ƙofar gari, inda masu gadi biyu ke tsaye, waɗanda babu mai iya ja da su. Ya harbi ɗaya a ƙirji. Mai gadin ya tako ya sare shi sau ɗaya, ya faɗi. Ya farka a bakin rijiya, ya ruga ƙofar gari, ya sake harbi, aka sake sare shi.

Apa ta leƙo ta ce, "Wannan kuma wane ne tsirara?"

"Ni ne, Apa."

"Me ka yi wa bawan Allah nan yake dukanka?"

"Ni nake tsokanarsa."

Ta zauna. Da farko duk faɗuwa sai ta ce, "Allah ya jiƙa." Da abin ya yi yawa ta ce ta yi masa addu'a a dunƙule, ta isa har ƙarshe.

Ba aikin yamma ɗaya ba ne. Duk tela ta san warware ɗinki ya fi yin sa cin rai, haka wannan ma. Layin nan a hankali yake ja da baya. Kullum ya dawo daga Bishkek, ya ci taliyarsa, ya zauna a yi ta kashe shi. Samarin da suka kai shi kogo suka taru a ƙofar gari suna kallo, suna rubuta masa maganganu. Wani ya tambaya ko matarsa ce ta karɓe kwamfutar. Na ce ya gaya masa da ni ce da tuni na gama da mai gadin. Abin mamaki, Kubat bai ƙosa ba. Har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in hanya ta yi kyau. Tun da aka fara rigimar nan ban ga fuskarsa a sake haka ba.

Wata yamma ya nuna mini lambar da ke saman kan jarumin. Ta yi daidai da ta Yaya. Na ce, "Alhamdu lillahi, sai ka sa wando." Ya girgiza kai. Ya koma ƙofar gari ya ci gaba da tsokanar mai gadi, har lambar ta sake sauka da ɗaya, ta koma ƙasa da ta wansa. Sannan ya ɗauki waya.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya."

"Kwaɗin nan sun yi yawa a fadama."

"Ai ka fi ƙarfinsu."

"Zo dai ka gani."

Muka jira. Apa ta zuba shayi, ta sa sukari, ta riƙe cokalin. Can sai ga ƙaton mai garkuwa ya bayyana a bakin fadama. Ya tako har gaban Kubat ya tsaya. Na san lambar yake dubawa, domin shi ma ya san hanya ɗaya ce tak ake saukowa a wasan nan, kuma ya san tsawonta. Babu wanda ya yi motsi a falonmu.

Lasifika ta ɗan yi ƙara, Yaya ya ce, "Ina kayanka?"

"Suna ajiye."

"Kai da ba ka da kunya. Gaban mutane?" Ya yi gyaran murya. "Koma bayana, kada su cinye ka."

Ya ɗaga garkuwa, kwaɗo na farko ya yi tsalle, Kubat ya harba. Sai da ya yi harbi huɗu ko biyar kafin kwaɗon ya faɗi, kamar da. Suka kashe na biyu, suka kashe na uku. Yaya ya fara ba da labarin wani sabon shugaban sashe da aka kawo musu, gajere mai son tsawa, sai kuma ya katse a tsakiya.

"Kubat."

"Na'am, Yaya."

"Apa ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Me ka gani?"

"Ban ji cokalinta ba."

Kubat ya juyo ya kalle ni, ni kuma na kalli Apa. Tana zaune da cokalin a sama, ta manta da shi tun shigowar ɗanta. Ashe duk tsawon lokacin nan Yaya yana jin ta. Idanunta suka kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi, ta tsoma cokalin a kofi ta fara juyawa da ƙarfi, har shayin na fallatsa a shimfiɗa.

"Yawwa," in ji Yaya. "Na dama, ƙane, na dama. To, ina gaya maka, sai gajeren nan ya hau kan akwati don ya yi mana tsawa."

Na tashi na ɗora wani ruwan a wuta, don na san yau hirar za ta yi tsawo.