Motar Juma'a ta Gariba

Shekara ashirin da biyu Gariba ya yi a garejin Sanaiya, unguwar masana'antu a ƙasar Larabawa, kuma ba wanda bai sha labarin ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya ga bayan kafil uku, iyayen gidan da suka riƙe takardunsa, ya jure zafin da ya kori samari gida. Duk Juma'a yakan sa farar riga, ya jingina da motar da aka kawo gyara, makulli na lilo a yatsa, a ɗauke shi bidiyo ya tura wa dangi a Kumasi. Mai riƙe masa wayar Nimal ne, mai fentin mota, ɗan Sri Lanka, mabiyin Buddha.

Ran nan saƙon Issifu, ɗan ƙanwarsa, ya shigo. Ya ce ya ga farar motar Kawu, ya gama shawara: Litinin zai sayar da kekunan ɗinkinsa, ya rufe shago, ya taho.

Gariba ya fassara wa Nimal yana dariya, wai a ga yadda sunansa ke jan mutane. Ya miƙa masa wayar a ɗauki bidiyon ranar. Nimal bai karɓa ba. Cikin guntun Turancinsu da Larabci Nimal ya ce su an koya musu, kafin magana ta fita a yi mata tambaya uku: gaskiya ce, za ta amfani mai ji, lokacinta ya yi? Hoto ma magana ce, in ji shi, kuma shi kansa da laifi, tunda shi ke ɗauka.

"Haji, motar wa ce?"

Gariba ya so ya ce ba mai fenti ne zai koya wa Musulmi gaskiya ba. Sai ya tuna: liman ma ya sha faɗar abin da Nimal ya faɗa, shi kuwa yana sahun baya, hankalinsa na kan wa da wa suka kalli bidiyonsa.

Ya mayar da makulli kan ƙusa. Ya cire farar riga, ya sa ta aiki, duk baƙin mai. Suka wuce ɗakin kwanansu: gado takwas, wani bisa wani, tukunyar shinkafa ƙarƙashin nasa.

Ya sake miƙa wa Nimal wayar. "Yalla, maza ɗauka."

Wannan karon Nimal ya karɓa. Gariba ya zauna bakin gadonsa, ya fuskanci wayar.

"Issifu, kar ka sayar da kekunan. Nan nake kwana. Ko taya ba ni da ita."

Dangin duka ya tura wa, don duka ya ruɗa. Bayan la'asar amsa ta zo, gajera: an fasa cinikin. A cikinta Issifu bai kira shi Kawu ba.