Dalmar da Ta Yi Shiru

Lawan ya kutsa da Kekensa mai ƙafa uku tsakanin tirela da mai baro, har madubi ya gogi buhun albasa. Mai baron ya bi shi da zagi, bai ko waiga ba.

"Yaya, ka ƙara wuta," in ji Harira daga baya.

"Keke ne fa, ba jirgi ba. Me mutumin ya ce wa Umma?"

"Wai kada mu damu, kaya na nan, zai ma gyara mana su." Ta gyara mayafinta. "Gyaran nan ne ba na so."

Da safe Umma ta shiga sharar ɗakin ajiya a gidansu na Kurmin Mashi, ta tarar da guntayen tsofaffin bututun dalma, duk sun yi toka-toka, ga nauyin tsiya. Ɗan jari bola na wucewa ta kira shi, ta ba shi su, ta karɓi bokiti da bahon roba. Tun bara Harira ke tara su daga rusassun gidajen zamanin Turawa, Lawan ke ɗauko mata. Yajin aikin da aka yi a jami'a ne ya sa ta ajiye su a gida maimakon makaranta. Da Harira ta gano, kuka ya tashi, maƙwabta suka samo lambar ubangidan ɗan jari bolar, wani Ashiru mai narka ƙarfe a Rigasa.

Lawan ya bar makaranta tun yana ƙaramar sakandare, zaman aji ya gagare shi. Amma ƙanwar tasa, mai karatun digiri na biyu a kimiyya, ta maimaita masa zancen dalmar har ya zauna masa. Akwai wasu ƙwayoyi, nitirino, da ke ratsa mutum da bango da ƙasa ba tare da sun taɓa komai ba. Can ba a rasa ba ɗaya takan yi karo da cibiyar ƙwayar zarra, ta ɗan ture ta, ta wuce, kamar ƙwallon sinuka. Ana zaton wani baƙin abu da ya cika sararin samaniya, wanda ba a taɓa gani ba, shi ma haka yake yi. Na'urar da za ta ji wannan 'yar turewar sai an kewaye ta da dalma. Sabuwar dalma kuwa tana fitar da nata tururin, ta cika na'urar da hayaniya. Wadda ta tsufa ce ta huce, ta yi shiru.

Mako mai zuwa malaminta zai gwada 'yar na'urar da ta haɗa. In an samu shirun, za a ɗauke ta aiki a wani ɗakin bincike na ƙarƙashin ƙasa a ƙasar waje. In ba a samu ba, a ba wani.

Tun daga bakin lungun Ashiru suka hango hayaƙi. Harira ta diro kafin Keken ya tsaya. Filin cike yake da fasassun batiran mota, ga tukunyar ƙarfe a kan wuta.

Wani kakkauran mutum ya taso yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da fara'a.

"Malama ce? Sannunku da zuwa. Ni ne Ashiru. Hajiya ta ce kayan karatu ne."

"Ina suke?"

Ya yaye wani buhu. Ga tubalan dalma a jere, sumul, suna ƙyalli kamar azurfa.

"Da na ji na 'yar makaranta ne, na ce wallahi ba za a mayar mata da ƙazanta ba. Ai da kin ga dattin da ya fita! Nauyin ya ragu a wuta, sai na cika miki da tawa ta batir, sabuwa fil. Ba sai kin ba ni komai ba. Ni ma ina da 'ya a makaranta."

Harira ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta a kan tubali ɗaya. Da sauran ɗumi.

"Duka aka haɗa?" ta tambaya a hankali.

"Duka, tukunya ɗaya."

Lawan ya matso gaban Ashiru. "Kai Malam, wa ya sa ka? Ka san abin da ka..."

Harira ta riƙe gefen rigarsa ta ja. Ashiru na kallonsu, fara'ar ta fara zamewa daga fuskarsa.

"Allah ya saka da alheri, Malam Ashiru," ta ce. "Allah ya raya maka ita."

Fara'ar ta dawo. Da kansa ya taya su lodi.

Suka fito titi. Keken na nishi saboda nauyi. Ta madubi Lawan ya ga Harira ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi.

"Jiya na sauke wani fasinja a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa," ya ce, idonsa na kan hanya. "Ana rushe wani gida mai jan bulo. Na ga bututu sun leƙo daga bango."

Mayafin ya sauka. "Wane launi?"

"Toka-toka. Masu muni, irin naki. Amma 'yan jari bola sun fi ni sammako."

Ta share ido da bayan hannu, ta gyara zama, ta dafe ƙarfen Keken.

"To Yaya, me kake jira? Ƙara wuta."