Ranar da Aka Kawo wa Falalu Baƙar Mota

Falalu ya shekara goma sha tara yana wankin mota a birnin Madani kafin yaƙi ya iso jihar Jazira. Da birnin ya hargitse, sai ya kwashi matarsa Raihana da 'yarsu Mawada suka koma ƙauyensu, kudu da garin Hajj Abdalla, inda mahaifiyarsa Iya ke zaune ita kaɗai. Ya koma riƙon fartanya a gonar ƙanen ubansa, bakin tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki. Kayan sana'arsa kuwa Raihana ta ɗaure su a buhu ta ajiye.

Wata Talata da hantsi masu bindiga suka shigo ƙauyen karo na uku. Zuwan farko babura suka kwashe, na biyu dawa da awaki. Tun daga nan mata suka saba, da an ji ƙugin mota daga nesa sai a shige da 'yan mata ƙurya. Ran nan Mawada, mai shekara goma sha bakwai, ta faɗa ɗakin Iya tare da Hadeel da Sawsan, 'ya'yan maƙwabcinsu Garba. Suka kwanta bayan buhunan gyaɗa, Iya ta ja tabarma ta rufe su.

Falalu yana tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya ya ji motar ta tsaya daidai ƙofarsa. Aka buga ƙyauren da gindin bindiga. Ya dubi Raihana, ta dube shi, sannan ya fita.

Mutum huɗu ne. Babbansu dogo ne mai baƙin tabarau, sauran suna ce masa Janabu. Da Larabci ya yi magana.

"Kai ne Falalu mai wankin mota?"

"Ni ne, Janabu."

"An ce a Madani manyan mutane layi suke bi a wurinka." Ya ɗora hannu a kan motar. Babba ce, baƙa wuluk, ƙura ta rufe ta har gilashi. "Wanke min ita. In na dawo zan fito da ita rana in duba. Ba na son in ga zanen nan mai kama da saƙar gizo-gizo. Wani ya wanke min wata a Hasahisa ya bar mata shi. Yanzu da hagu yake cin abinci."

Sauran suka yi dariya. Falalu ya ce, "To, Janabu."

Ya san motar. Ta Dakta Omar ce, likitan yara, wanda ke kawo ta duk Alhamis ya zauna a kan benci yana shan shayi har a gama. Ga ɗan lotsewar nan ƙarƙashin madubin dama. An cire lambar. Falalu bai tambayi inda mai ita yake ba, kuma har yau bai sani ba.

Ya roƙa a matsar da ita ƙarƙashin dalbejiya, don in ƙarfe ya yi zafi sabulu bushewa yake ya bar tabo. Janabu ya yarda. Ya ɗauki mutum biyu suka nufi gidan mai gari, inda aka tilasta a yanka musu rago. Aka bar ɗaya gadi, wani kakkaura mai tabon ƙuna a wuya.

Ruwan tur'a ba zai yi ba. Laka ce da yashi, kuma ƙwayar yashi ɗaya a cikin soso ta isa ta zana baƙin fenti. Falalu ya shiga gida ya tarar Raihana ta riga ta kwance buhun, ta jera bokiti biyu da soso da tsummoki.

"Abban Mawada, mi suka so?" ta tambaya cikin raɗa.

"Wanki kawai. Ba ni ruwan randa, da na ganga wanda ya kwanta. Kada kowa ya yi motsi a ɗakin can."

Ruwan shansu ne na kwana uku. Ta fara juyewa.

Sawu shida ya yi na ɗibar ruwa. Bai taɓa motar da hannu ba tukuna, sai kwarara mata ruwa yake daga sama, ƙurar na gangarowa ja-ja-ja tana bin tayoyi. Sannan ya kaɗa sabulu a bokiti ɗaya, ɗayan ya bar shi da ruwa zalla. Ya fara daga rufi, yana jan soso a miƙe, daga gaba zuwa baya, ba ya murzawa, ba ya zagayawa. Duk ja biyu sai ya ɗauraye soson a ruwan zalla, ya duba shi da kyau, kafin ya mayar cikin sabulu. Sau ɗaya soson ya kusa suɓuce masa ya faɗi ƙasa, ya cafe shi a ƙirji, ya tsaya yana haki. Da ya taɓa ƙasa shi ke nan, ba shi da wani.

Mai gadin yana jingine da dalbejiya yana shan taba, bakin bindigarsa na kallon ƙofar gidan.

Da ya gama ɗauraya, Falalu ya ɗauko tsumma mai laushi. Shimfiɗa shi yake a kan fenti, ya danna a hankali ya sha ruwan, ya ɗaga, ya matse, ya matsa gaba. Ya gama gefen hagu, ya zagayo dama. A ƙofar baya hasken rana ya ratso ganyen dalbejiya ya sauka a kan fentin, sai ya gan su. Zane ne zagaye-zagaye, sirara, faɗin tafin hannu biyu, daidai tsayin fuskar mutum.

Ya san ba hannunsa ba ne. Ya waiga, ya ga gefen rawanin mai gadin ya yi ja da ƙura. Ashe sa'ad da yake ciki wajen ɗibar ruwa, mutumin ya goge wurin a bushe don ya duba fuskarsa.

Mai gadin ya matso ya leƙa. Ya yar da tabar. Falalu ya ga maƙogwaronsa ya motsa, ya gane shi ma tsoron Janabu yake.

"Kai ka yi wannan," in ji shi a hankali.

"Ni na yi," Falalu ya amsa.

"Yana fita?"

"Ina da man goge fenti a ciki. In zanen bai yi zurfi ba, zai fita."

"Mu je."

"Bari in ɗauko, ba nisa."

"Na ce mu je." Ya tura shi da bakin bindiga.

Raihana na durƙushe bakin murhu ta ja mayafi ta rufe fuska. Falalu ya tambaye ta gwangwanin man da Hausa. Ta dubi ɗakin Iya, sannan ta ce, "Shina ƙarƙashin gadon Iya. Zafi na narka shi, shi ya sa na raba shi da buhun."

Taku goma sha biyu ne daga murhu zuwa ɗakin. Falalu ya yi su yana jin numfashin mutumin a ƙeyarsa, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya ɗaga labule. Iya na kwance a gado, ga kwano a ƙasa kusa da kanta. Tana ganin inuwar mutum biyu ta yunƙura ta sa yatsa a maƙogwaro ta ɓoye da mayafi, ta kelaya amai a kwanon, har ya fantsamo bakin ƙofa.

"Kwalara, ɗana," ta ce da Larabci, tana nishi. "Kwana biyu ke nan. Taimake ni da ruwa."

Mai gadin ya yi tsalle baya, ya toshe hanci da rawani, yana zagi. Falalu ya durƙusa ya miƙa hannu ƙarƙashin gado. Daga nan ƙasa yana hango tafin ƙafar Mawada ta gefen tabarma, yatsun sun ƙanƙame. Ya jawo gwangwanin ya fito, ya saki labulen.

Man ya kusa ƙarewa, ya daskare a gindin gwangwani. Ya lakato kaɗan a sabon tsumma, ya shafa a miƙe, sama da ƙasa, da ɗan nauyin hannu. Ya jira ya yi fari, ya share, ya sunkuya ya duba ta gefe. Zanen ya ragu amma yana nan. Ya sake. Daga gidan mai gari ana jin dariya da ƙarar faranti. Ya sake na uku, gumi na shiga masa ido, ba ya iya sharewa don kada ya ɓata hannu.

"Yi sauri," in ji mai gadin. "Ga su nan."

A na huɗu ya kankare gindin gwangwanin da farce. Yana share na ƙarshe Janabu ya iso yana sakace haƙori. Ya sa aka fito da motar tsakiyar rana. Ya cire tabarau, ya zagaya ta sannu a hankali, hannu a baya. A ƙofar baya ta dama ya tsaya, ya sunkuya, ya daɗe. Falalu ya kafa ido a ƙasa.

"Tamam, ya yi," Janabu ya ce, ya miƙe. "Ba su yi ƙarya ba. Ran Jumma'a zan kawo maka uku. Ka tanadi ruwa."

Suka shiga mota. Mai gadin ne na ƙarshe. Ya ratsa ta kusa da Falalu, ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube shi ba, "Tsohuwarka mai kwalara, takalmanta sun yi yawa a bakin ƙofa."

Falalu ya tsaya da tsumma a hannu har ƙugin motar ya ɓace. Ya shiga gida. Ga su nan bakin ɗakin Iya, silifa ƙafa uku a jere, ɗaya ruwan hoda mai fure. Raihana ta bi idonsa, ta ɗora hannu biyu a ka.

Ya aika aka kira Garba, ya gaya masa komai a tsaye. Ba a yi doguwar shawara ba. Garba ya ɗaura jakinsa a amalanke, aka ɗora buhun dawa ɗaya da barguna da tukunya. Iya ta ce ita ba inda za ta, a nan aka binne mijinta.

"Iya, in sun dawo suka tarar da ke lafiya lau, mi za ki ce musu?" Falalu ya tambaye ta.

Sai ta ce a miƙo mata carbinta da tabaranta.

Bayan la'asar suka fita ta bayan gari, suka bi gefen tur'a yamma, 'yan matan kwance cikin amalanke an lulluɓe su da barguna cikin wannan zafi. Duk ƙarar da suka ji sai su sauka cikin gonaki su lafe. Ran Alhamis suka shiga garin Managil, aka ba su kusurwar aji ɗaya a wata makaranta da ta cika da 'yan gudun hijira.

Bayan kwana goma wani mai sayar da albasa daga ƙauyensu ya zo kasuwa. Ya ce ran Jumma'a an zo da mota uku kamar yadda aka faɗa. Da suka ga gidan ba kowa, suka cinna wa rumfar tsakar gida wuta, suka harbe kajin Iya, suka mari mai gari, suka tafi. Ba a kashe kowa ba. Falalu ya ce alhamdu lillahi, ya tambaye shi ko ɗakunan na tsaye. Mutumin ya ce biyu na tsaye, ɗaya rufin ya rufta. Falalu ya koma makarantar ya gaya wa Iya, ta tambayi wanne ne ya rufta, ya ce bai tambaya ba.