Cokali Mai Yatsu a Shagon Niña Chayo

Tun da Ovidio ya dawo daga Amurka unguwar Mejicanos take yi masa wari. Ran Lahadi ya shigo shagon Niña Chayo, matar da ta sha share masa majina yana yaro, sai da ya goge kujera da hankici kafin ya zauna.

Ta kwaso masa pupusa, wainar masarar garinsu, daga kasko, cuku da wake na tsartuwa ta gefe, ta tura masa kabeji mai tsami.

"Niña Chayo, a taimaka da wuƙa da cokali mai yatsu."

Masu ci suka ɗago, hannuwa dumu-dumu da miyar tumatir. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa ganin wanda pupusa ta cije wa yatsa ba.

"Wuƙa kuma, ɗana? Ai pupusar ta mutu tun ɗazu."

Duk da haka ta zagaya baya ta samo cokalin, ta ɗauraye. Ya ci a tsanake, yana ba su labarin tsaftar can.

Da ya kai lomar ƙarshe ta miƙa hannu.

"Kawo in mayar, ranka ya daɗe. Shi ne sakatar banɗakinmu."