Riƙon Ƙwarya

"Umma, wai ƙwaryar wa kike riƙewa a asibiti? Har yanzu mai ita bai dawo ba?"

Tana durƙushe tana ɗaure wa 'yarta igiyar takalmi tambayar ta faɗo mata a ka. Mijinta ya danne dariya, ya ce yarinya ta yi gaskiya. Wata takwas ke nan da aka ba ta takardar shugabancin ɗakin gwajin jini, da sa hannu da hatimi, amma duk wanda ya yi mata barka sai ta ce riƙon ƙwarya take yi. Ta ja igiyar da ƙarfi, ta ce su wuce, sun makara.

A wurin aiki Ƙanwa ake ce mata, kuma ba ta taɓa hanawa ba. A ranta gani take kuskure aka yi wajen zaɓenta, kullum tana jiran ranar da asirinta zai tonu. Ga Malam Dogo nan, wanda ya koya mata neman jijiya, yanzu wai yana ƙarƙashinta.

Ƙarfe goma likitar yara ta shigo a gaggauce. Wata yarinya ce 'yar shekara uku a gado na bakwai, jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ledar jini ɗaya ake jira. Malam Dogo ya riga ya gwada, ya ce jinin ya dace, sa hannu kawai ya rage.

Ƙanwa ta juya kwalbar da aka gwada. Ruwa ya taɓa rubutun, sunan ya dame, lambar gadon kuma tana iya zama bakwai, tana iya zama ɗaya. Duka gadajen biyu an ɗebi jininsu da safe. Murya ƙasa-ƙasa ta ce a sake ɗiba, minti ashirin ne.

Likita ta ce ba ta da minti ashirin. Malam Dogo ya ce ya san hannun nas ɗin da ta rubuta, bakwai ɗinta dama kamar kara take.

"Ƙanwa, ba raini ba," in ji shi, yana laluben aljihu. "Ke da bakinki kika ce riƙon ƙwarya kike. Bari mu ji daga mai ƙwaryar."

Ya kira tsohon shugaba, wanda ya yi ritaya yana can yana fama da kajinsa. Waya ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya kuma sakewa. Minti shida suka wuce a agogon bango. Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ma tsaye take tana addu'ar ya ɗauka.

Ta ja tsaki, ta zari tire da sirinji da sabuwar kwalba.

"Malam, ajiye wayar nan. Ledar ba za ta bar firji ba sai na sa hannu, kuma ban sa ba."

Da kanta ta je ta ɗebi jinin, ta rubuta sunan a jikin kwalbar tun a bakin gadon. Hannun yarinyar sanyi ƙalau, bai fi na 'yarta kauri ba. Uwar yarinyar ido kawai ta zuba mata.

Gwaji ya fito. Malam Dogo ne da gaskiya, bakwai ce. Ya gyara tsayuwa ya ce ai ya faɗa. "A yi haƙuri" ta taho har kan harshenta, ta haɗiye ta, ta ce gobe ma in rubutu ya dame haka za a yi. Ta sa hannu, aka ruga da ledar. Kafin azahar leɓen yarinyar ya fara yin ja.

Minti ashirin ɗin ba su dame ta ba, haƙƙin aiki ne. Shidan nan ne suka tsaya mata a wuya, don ta san bakinta ne ya jawo su.

Ke da aka danƙa wa aiki kina ta kakkaɓe shi da baki, ki kula. Abokan aikinki suna ji. Ranar da ɗiyar wata take kwance tana jiran sa hannunki, maganarki za su karanto miki.